Safiyar Asabar a Filin Golf

A shekarar 2016 mambobin kulob ɗin golf na Muirfield da ke Sikotland suka kaɗa ƙuri'a kan karɓar mata, amma ba a samu kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Nan take aka cire filin daga jerin masu karɓar baƙuncin gasar Open. Da suka ji a jikinsu, a 2017 suka sake ƙuri'a suka amince. Kulob ɗin Augusta na Amurka ma sai a 2012 ya karɓi mata biyu na farko, ciki har da Condoleezza Rice.

Ni dai ƙananan kulob na gari sun fi damuna. A Birtaniya an daɗe ana keɓe safiyar Asabar don gasar maza, a tura mata tsakiyar mako. To, malamar makaranta da ke cikin aji ranar Talata, yaushe za ta buga? Ta biya kuɗin mamba, ta sayi sanduna, amma a takardar rabon lokaci babu gurbin sunanta.

Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana kulob mai mambobi maza da mata fifita wani jinsi wajen amfani da fili. Wajibi ne kwamitocin kulob su buɗe wa mata safiyar Asabar.