Masu Kiɗan Fiyano: Sana'ar da Kunne Ke Jagoranta

Yaron da ya tashi a Soron Ɗinki ba sai an gaya masa yadda muryar algaita take ba. Unguwar tana cikin birnin Kano, kusa da Gidan Rumfa, fadar sarki, saboda haka tun yana goye kunnensa ke shan tambari da kakaki, ga Hawan Sallah, ga Hawan Daushe, ga bandirin 'yan Ƙadiriyya daga Kabara. Irin wannan kunne shi ne jarin farko na mai buga kiɗa a studiyo, kuma shi kaɗai ne ba a samunsa a shagunan Sabon Gari. Sauran kayan aikin duk kuɗi ke kawo su.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A da, mai son kiɗa sai ya aika a kira makaɗa su zo da kalangunsu ko kotsonsu. Finafinan Hausa ne suka canza lamarin. A shekarun 1990 kamfanin Iyan-Tama ya shigo da fiyano ƙirar Yamaha PSR yana yi wa masu fim kiɗa, kuma da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, waƙarsa ta game gari, sai kowane mai shirya fim ya ce shi ma irin wannan sautin yake so. Daga nan sunan "kiɗan fiyano" ya zauna. Manyan studiyo sun fi yawa a titin Gidan Zoo, amma cikin birni ma akwai samari masu yin aikin a ɗan shago ko a ɗakin soro.

Ɗakin ba ya buƙatar girma, shiru yake buƙata. Ana manna soso a bango, mai ƙaramin ƙarfi ya manna kwalin ƙwai, a shimfiɗa kafet, a toshe taga. A kusurwa a keɓe wurin da mawaƙi zai tsaya da makirfo. A kan tebur akwai kwamfuta, fiyano, lasifika biyu, abin sawa a kunne, da ɗan akwatin da ke shigar da murya cikin kwamfuta. Manhajar da aka fi yayi ita ce FL Studio ta wani kamfanin Beljiyam, wasu kuma Cubase. Kusan babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake ƙerawa a Najeriya, don haka duk motsin dala sai mai studiyo ya ji shi a jikinsa.

Mawaƙi yakan zo da baitocinsa a takarda, karin waƙar kuma a bakinsa ko a wayarsa. Sai ya rera amshi sau biyu ko uku, mai kiɗa na lalube a kan fiyano har ya gano inda muryar ta zauna da irin saurin da take so. Ganguna ake fara jerawa, don su ne ƙashin bayan waƙa. Sai bes mai kauri, sai sarewa ko goge da za su riƙa bin murya suna cike gurbin da mawaƙi ke numfashi. A nan ake jan zance. Mawaƙi ya ce, "Maigida, kiɗan ya yi nauyi, waƙar amarya ce fa." Shi kuma ya ce, "To Malam, sake ɗauko min daga farko in ji." Idan gindin kiɗa ya tsaya sai a ɗora murya, baiti bayan baiti, a kawo 'yan amshi su yi nasu. Aikin da ya fi cin lokaci kuwa shi ne wanda mai saurare ba ya sanin an yi: yanke tari da ƙarar numfashi, daidaita ƙarfin kowane sauti don kada ganga ta danne kalma, da amfani da Auto-Tune wajen gyara muryar da ta kauce. Gwani yakan sa shi daidai gwargwado. Wanda bai ƙware ba yakan cika shi har muryar mutum ta koma ta inji.

To daga ina sarewar cikin fiyano ta fito? Yawanci wani mabushi ne ya busa ta gaske a wata ƙasa, aka naɗi sautin, aka ajiye shi, duk sanda aka danna maɓalli sai ya fito. Turawa sun kai wannan dabara nesa a kan ogan, babban kayan kiɗan cocinsu, mai bututu ɗaruruwa ko dubbai da iska ke busawa. Akwai manhaja mai suna Hauptwerk, wadda Martin Dyde ya fitar a 2002. Masu yi mata sauti sukan shiga tsohon coci a Jamus ko Faransa ko Holan da dare, lokacin da gari ya yi tsit, su naɗi kowane bututu shi kaɗai, har da amon da ginin ke mayarwa bayan an saki maɓalli. Ba su tsaya nan ba, sun adana har yadda magabata ke saita muryoyin. Fiyanon zamani ya raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, amma ogan na shekarun 1600 ba haka aka saita shi ba: wasu muryoyin in aka haɗa su sun fi na yau daɗi, wasu kuma ba sa haɗuwa sam. Mai Hauptwerk yana iya zaɓar tsohon saiti, kamar wanda Andreas Werckmeister ya rubuta a 1691, ya ji kiɗan yadda mutanen wancan zamani suka ji shi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin kayan kiɗanmu ma ba su san rabon gida 12 ba. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya ɗaga murya, ya sassauta ya saukar da ita, shi ya sa kalangu ke magana. Mai kukuma yana zame yatsa a kan izga, ya tsaya a wurin da babu maɓallinsa a fiyano. Saurari kalangun da ke bin Mamman Shata, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, sannan ka saurari abin da fiyano ke kira ganga, za ka ji tazarar. Mai kiɗan da ya san aikinsa yakan yi dabara da ɗan gargaren da ke gefen hagu na fiyano yana lanƙwasa sauti. Wanda ya fi shi kula yakan kira mai kalangu na gaske ya biya shi, ya naɗi bugunsa. A ganina waƙoƙin da aka yi wa haka sun fi daɗewa a kunne.

Kuɗin aiki a kan waƙa ake yanka shi, kuma sunan mai kiɗa ke yanka farashi. Kasuwar tana da lokutanta. Gabanin zaɓe waƙoƙin siyasa ke cika studiyo, su ne masu tsoka, sai dai su ne kuma aka fi cin bashi a kansu. Watan Maulidi na sha'irai masu bege ne. Bayan Sallah ga waƙoƙin ango da amarya, tsakani kuma ana taɓa tallan rediyo na masu magani da 'yan kasuwa. Abin da ke cinye ribar shi ne wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, awa guda a kan janareta ta zama abin lissafi, ga ƙararsa da ke kutsawa cikin makirfo, shi ya sa masu hali suka koma sola da batir. Akwai kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki ba a adana ba, da zafin ɗakin da aka toshe ko'ina, da kunnen da ke gajiya bayan shekaru.

Abin da ya fi ciwo shi ne waƙa ta fita ta yi tashe, masu tura waƙa a waya su ci da ita, mawaƙi ya samu gayyatar biki da kyautar manya, wanda ya kwana yana gina kiɗan kuwa abin da aka ba shi ranar farko shi ke nan. Duk da haka sana'ar tana riƙe gidaje. Yaro yakan fara da shara da naɗe waya da sayo fetur, yana kallon hannun maigidansa, wata rana a bar masa tace murya, har ya kai ga tara kuɗin fiyanonsa.

Kirana ga masu studiyo na cikin birni da masu nazarin al'ada a Jami'ar Bayero shi ne su haɗa hannu su yi wa kakaki, algaita, kotso, taushi, garaya da gurmi irin abin da aka yi wa ogan. A naɗi kowane bugu da kowace busa da saitinsu na asali, a rubuta sunan makaɗin, a biya shi hakkinsa. Makirfo da kwamfuta muna da su, kuma makaɗan fada suna nan da ransu, 'yan taku kaɗan daga Soron Ɗinki.