Mudu, Sikeli da Alƙalumman da Awo Zai Iya Ɗauka

Masana kimiyyar awo suna bambanta abubuwa biyu da jama'a kan haɗa su a kalma ɗaya ta "daidai": na farko shi ne dacewa, wato kusancin sakamakon awo da ainihin girman abin da aka auna, na biyu kuwa shi ne tsayuwa, wato yadda sakamakon yake maimaita kansa in an sake awon sau da yawa. Mai sayen hatsi a Kasuwar Kawo ta Kaduna ranar Talata ya san wannan bambanci ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, domin mudun da aka bubbuga gindinsa zai ba da adadi ɗaya ko sau ɗari aka cika shi, amma kowane cikawa a tauye yake. Irin wannan mudu yana da tsayuwa, ba shi da dacewa, kuma ya fi hannun mai awo mai rawa hatsari, saboda kuskuren hannu yakan faɗa sama yau gobe ƙasa, har in aka ɗauki matsakaici sai ya ragu, alhali kuskuren da ke jikin mudun gefe ɗaya yake karkata kullum, maimaitawa ba ta gyara shi.

Maganinsa shi ne a gwada ma'aunin da wani wanda aka amince da shi, shi ma a gwada shi da na sama da shi, kuma wannan silsila ce Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya yake dogara da ita wajen duba sikeli da famfon gidan mai. Daga 1889 silsilar kilo ta ƙare ne a kan wani dunƙulen ƙarfe da aka adana kusa da birnin Paris na Faransa, har zuwa 20 ga Mayu 2019, lokacin da aka ɗora ma'anar kilo a kan wani adadi na ɗabi'a da ba ya canzawa.

A fannin awo, inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, a Jami'ar Jihar Kaduna ko a sakandare, shi ne batun alƙalumma masu ma'ana, wato lambobin da awon ya tabbatar da su tare da na ƙarshe guda ɗaya wanda ake ɗan shakka a kansa. Filin da dillalan Malali ko Unguwar Rimi a Kaduna suke kira hamsin da ɗari, wato ƙafa hamsin da ƙafa ɗari, in aka ja masa tef, zai ba da mita 15.24 da mita 30.48, kuma na'urar lissafi za ta nuna faɗinsa murabba'in mita 464.5152. Sai dai tef ɗin alƙalumma huɗu kawai ya bayar a kowane gefe, don haka abin da ya halatta a rubuta shi ne 464.5, sauran ukun ƙawa ce ta na'ura, wadda ba ta san da wane tef aka yi awon ba. Hatta sifili ba koyaushe yake da ma'ana ba, domin a giram 0.050 sifilan farko wurin ɗigo kawai suke nunawa, na ƙarshen ne yake shaida cewa sikelin ya kai ga auna wannan gurbi, shi ya sa mai haɗa magani ba ya ɗaukar giram 2.0 da giram 2.00 a matsayin magana ɗaya.