Daga Damana Zuwa Sararin Samaniya, Hanyar Ta Bi Ta Ajin Lissafi

Idan yaro a Damana ya ce wa mahaifinsa yana son ya karanci aikin jiragen sama, amsar da zai fi samu ita ce, "To, direban jirgi ke nan za ka zama?" Haka yawancin mutane suka ɗauki abin, tun daga Damana har Filinge da sauran ƙasar Kurfai. Matuƙi shi ake gani, shi ke da kaki da hula. Amma jirgin da yake tuƙawa, akwai waɗanda suka kwashe shekaru suna lissafa tsawon fiffikensa da nauyin ƙarfensa da man da zai sha, akwai kuma masu kwance injinsa su duba su mayar kafin a yarda ya tashi. Su ne injiniyoyin jiragen sama da na sararin samaniya, kuma a ganina aikinsu ya fi kusa da rayuwar manomin Dallol Boso fiye da yadda ake zato.

Ilimin reshe biyu gare shi. Na farko ya shafi abin da ke tashi a cikin iska. Fiffiken jirgi yana danna iska ƙasa, ita kuma iskar ta tura shi sama, ta haka ƙarfe mai nauyin tan ɗari yake rabuwa da ƙasa. Yaron Sahel ya riga ya san manyan abokan gāba biyu na wannan aiki. Ɗaya zafi ne. A bazara, lokacin da rana ke dukan tsaunukan Filinge, iska takan yi sako-sako, sai fiffike ya rasa isasshen abin dogaro, dole jirgi ya ƙara gudu a kan titinsa ko a rage masa kaya. Ɗayan ƙurar hunturu ce, wadda ke shiga inji tana cin ƙarfensa sannu a hankali kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa.

Reshe na biyu ya shafi inda iska ta ƙare. Can fiffike ba shi da amfani, gudu ne ke riƙe abu. Tauraron ɗan'adam da ke kewaya duniya daga kusa yana cin kilomita kusan 8 a cikin sakan guda, wato tafiyar Filinge zuwa Yamai, mai kilomita wajen 180, ba za ta ɗauke shi rabin minti ba. Cikin awa ɗaya da rabi ya zagaye duniya. Akwai kuma waɗanda ake kai wa nisan kilomita 36,000, inda tafiyarsu take daidai da juyawar duniya, sai ka ce a tsaye suke wuri ɗaya. Irinsu ne Meteosat, masu aiko hoton gajimaren Afirka kowane minti 15.

Nan ne maganar ta dawo gida. Babu tambayar da ta fi damun manomi a Tondikandiya, yankin da Damana take, irin ta ranar shuka: ruwan nan da ya sauka na shuka ne, ko kuwa zai ɗauke ya bar iri ya ƙone a rami? Makiyayi kuma, ko na rugar daji ko na tashar kiwon shanun Azawak da ke Tukunus, tambayarsa ita ce inda ciyawa ta yi kyau bana. Daga sama ana iya auna sanyin kan hadari a ƙiyasta ruwan da ya zubar, ana iya auna koren ƙasa a san inda haki ya fito da inda ya ƙi, ana iya hango wuraren da fara za ta iya haihuwa a cikin hamada tun ba ta taso ba. Waɗanda suka ga ɓarnar farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 sun san darajar gargaɗin da ya zo da wuri.

Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, wannan aikin a Yamai ake yin sa. Bayan babban farin farkon shekarun 1970, ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974, shekarar da Janar Saini Kunce, haifaffen Fandu nan kusa da Damana, ya karɓi mulki. A Yamai ɗin dai cibiyar ACMAD take, mai lura da yanayin Afirka gaba ɗaya. Sannan ga makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu ba jirage hanya a sama, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urorin sadarwa da na saukar jirgi. Ɗalibai suna zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. Ɗan Damana kuwa mota ɗaya zai shiga, ya bi ta Baleyara, ya sauka a garin da take. Da jarrabawar gasa ake shiga, kuma lissafi da fizik su ne ƙofar.

Wanda ransa ya fi kwantawa ga ƙirar jirgin kansa ko ta tauraron, shi sai ya ƙetare iyaka. Kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyara. Cibiyar fasaha ta sojan saman Nijeriya a Kaduna tana koyar da injiniyancin jirage. Jami'ar Blida a Aljeriya tana da sashe na musamman kan jirage da sararin samaniya, haka ma manyan makarantun birnin Tuluz a Faransa. Sau da yawa kuma hanyar kan fara ne da digirin fizik ko lissafi a Jami'ar Abdu Mumuni, ko karatun lantarki da kanikanci a makarantar EMIG, daga baya a ƙware.

An taɓa yi, ba mafarki ba ne. Shaihu Modibo Diyara, haifaffen Niyoro a Mali, ya yi aiki da hukumar NASA ta Amurka yana lissafa hanyar kumbunan da aka aika wasu duniyoyi, har da Mars Pathfinder wanda ya sauka a Marsi a 1997. Dakta Fadji Maina, 'yar Damagaram, ta yi karatu a Maroko da Faransa, ta shiga cibiyar Goddard ta NASA a 2020. Ita masaniyar ruwa ce, ba maƙeriyar kumbo ba, da bayanan taurarin ɗan'adam take binciken inda ruwa yake da inda yake tafiya. Labarinta ya fi burge ni, don ya nuna mace daga lakwal ɗin Nijar tana iya kaiwa can, kuma tambayar da ta kai ta ita ce tambayar kowace rijiya a ƙauyukanmu.

Ƙofar ma ta ƙara faɗi. Yanzu ana ƙera ƙananan taurari masu faɗin santimita 10 a kowane gefe, waɗanda ɗalibai ke haɗawa da hannunsu. Da irinsu Gana ta fara a 2017, Senegal kuma ta harba nata a 2024. Nijeriya ta harba tauraronta na farko tun 2003, kuma injiniyoyinta ne suka haɗa NigeriaSat-X a Ingila, aka harba shi a 2011. A watan Satumban 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla yarjejeniyar taurarin ɗan'adam da kamfanin Glavkosmos na Rasha. Ana iya sayen tauraro da kuɗi, amma mai sarrafa shi da mai karanta hotunansa sai an raine su, kuma renon yakan ci fiye da shekara goma. Waɗanda za su zauna a waɗannan kujeru yau suna kwaleji.

To a nan gizo yake saƙa. Abin da ke tare ɗan Damana ba nisan Amurka ba ne, ajin lissafi ne. Yaron da ya rasa malamin lissafi a aji huɗu da aji uku na kwaleji zai iya cin birebe da ƙyar, amma ba zai kuskura ya zaɓi sashen C a lise ba, alhali shi ne mafi miƙaƙƙiyar hanya zuwa wannan fanni. Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, ya kuma sa malamai suna gudun ƙauyuka. Wanda ya tsallake wannan sai ya haɗu da matsalar masauki a Filinge ko Yamai, inda yara masu ƙwaƙwalwa, musamman mata, suke barin karatu don ba su da gidan da zai riƙe su.

Ga ɗalibin da ke da wannan buri, shawarata gajeriya ce. Ka riƙe lissafi da fizik tun yanzu, ka ƙara da Ingilishi a kan Faransanci, don shi ne harshen jiragen sama a duniya. Kada ka raina bakaniken babur ko mai haɗa faranti mai aiki da hasken rana, zauna kusa da su ka koyi kama sukurudireba. A 2007 wani ɗalibin fizik a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa. Hannu irin nasa ake nema, haɗe da ilimin da zai auna kowane ƙarfe kafin a ɗaura shi.

Sauran kiran na manya ne. 'Ya'yan Tondikandiya da na Kurfai da Allah ya ɗaukaka a Yamai da Kwatano da Legas, da shugabannin gari da kwamitin iyayen yara, ku haɗa kai ku tabbatar kowace kwaleji a yankin tana da malamin lissafi da na fizik daga farkon shekara har ƙarshenta. Kowane gida mai hali a birni kuma ya buɗe ɗaki ɗaya ga yaro ko yarinyar da ta ci birebe da kyakkyawan sakamako.