Kafin A Yanke Wa Sikirin Hukunci

A bazarar bara, ina zagayen duba ɗalibanmu da ke koyon sanin makamar aiki a masana'antun Sharaɗa ƙarƙashin shirin SIWES, na tarar da ɗaya daga cikinsu ya haɗa kai da gwiwa. Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta daina nuna komai: fanka na juyawa, fitila na kunne, amma fuskarta baƙa ƙirin, ga kuma rahotonsa na watanni a ciki. Mai gyaran da ya kai wa ya ce sikirin ya mutu, sai an sayi sabo, a kan kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa. "Malam, aikina ya tafi," in ji shi. Na sa ya aro wayar HDMI, muka jona kwamfutar da talabijin ɗin ofishin. Nan take hoto ya bayyana, rahoto yana nan daram. Daga baya aka gano siririyar wayar da ke kai hoto zuwa murfi ce ta sassauta.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yanke hukunci babu bincike. Hoton da muke gani sai ya ratsa matakai huɗu: manhajar da ke sarrafa shi, ƙwaƙwalwar hoto da ke kan babban allon na'ura, siririyar wayar da ta bi ta gaɓar da murfi ke lanƙwasawa, sannan sikirin da fitilar da ke haska shi ta baya. Kowannensu zai iya lalacewa, kuma a idon mai kallo alamunsu kan yi kama da juna.

Gwajin farko shi ne wanda muka yi. Idan hoto ya fito lafiya a talabijin ko majigi, ƙwaƙwalwar hoto ƙalau take, laifin yana ga waya ko sikirin. Wani lokaci sai an danna maɓallin Windows tare da P kafin hoton ya tsallaka. Na biyu, a haska tocilar waya dab da fuskar a wuri mai duhu. In an hango hoto dishi-dishi, hasken baya ne ya ɗauke, kuma sau da yawa waya ce ko ɗan fis ɗin da ke kan allo. Na uku, a riƙa buɗe murfi da rufe shi a hankali: idan layuka na zuwa suna ɓacewa, ko launi na sauyawa, zargi ya fi ƙarfi a kan wayar da ke cikin gaɓa. Na huɗu, a lura da lokacin da matsalar ke farawa. In tambarin kamfani ya fito tas lokacin kunnawa, sai bayan Windows ta tashi hoto ya rikice, to galibi manhaja ce. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yakan farfaɗo da ita, ko kuma a cire ta a sake ɗora wadda ta dace. Duk waɗannan ba sa cin ko kwabo.

Sai dai idan layukan sun bi hoton har kan talabijin, magana ta girma, domin a nan ne zafi ke shigowa. A Kano, watan Afrilu kan kai ma'aunin zafi 40, hunturu kuma ya cika ko'ina da ƙura. Wanda ya san ofisoshin masaƙu da kamfanonin roba na Bompai da Sharaɗa, ko majemun Chalawa, ya san yadda ƙura ke kwanciya a kan komai. Ita ce ke toshe hanyar iskar fanka, har ƙwaƙwalwar hoto ta riƙa gasuwa. Ga kuma sauyin wuta tsakanin ta gwamnati da janareta, ga cajar jabu.

Illar zafi ba ta tsaya a kanmu ba. A watan Yulin 2008 kamfanin Nvidia na Amurka ya sanar da ware dala miliyan 150 zuwa 200 saboda ƙwaƙwalen hoto da ke lalacewa a kwamfutocin tafi-da-gidanka, sakamakon raunin haɗinsu wajen jure ɗumama da hucewa. Kwamfutocin HP da Dell da Apple na cikin waɗanda abin ya shafa. Darasin da ya rage mana shi ne, gasa allo da iska mai zafi, kamar yadda wasu masu gyara ke yi, yakan dawo da hoto na ɗan lokaci ne kawai. Mai sayen kwamfuta ta hannu a kasuwa ya bar ta a kunne tana aiki na tsawon lokaci kafin ya biya.

Ba na ɗora wa masu gyara laifi baki ɗaya. Da yawansu sun koyi sana'ar ne ta hanyar kallo, kuma sauya kaya ya fi bincike saurin kawo kuɗi. Mu ma a jami'o'i muna da namu kason, tunda muna yaye ɗalibin da ya haddace sassan kwamfuta amma bai taɓa kwance ko ɗaya ba. An kafa SIWES tun 1973 domin cike irin wannan giɓi. Masana'antar da ke maye gurbin kowane inji da ya yi tari ba ta daɗewa, musamman yanzu da kusan duk kayan gyara da dala ake shigo da su.

Don haka, mai karatu, ranar da fuskar kwamfutarka ta yi duhu, ka fara da jona ta da talabijin, ka kwashe ayyukanka zuwa wani ma'aji. Sannan ka tambayi mai gyara gwajin da ya yi kafin ya faɗi farashi. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya.