Daga Kwatano zuwa Gaya: nawa ne ainihin kuɗin mota?

Duk wanda ya san garin Gaya kafin watan Yuli na shekarar 2023 ya san irin jerin motocin da kan tsallako gadar Malanbil, babu lamba, ƙura ta rufe su, an rubuta musu alama a jikin gilashi, suna jiran ma'aikatan duwan su sallame su. A bayan kowace mota akwai mai ita, kuma a cikin masu su ba a rasa ma'aikacin gwamnati da ya ci bashin banki a kan albashinsa, ko ɗan kasuwa da ya zuba rabin jarinsa, wanda sai da motar ta iso bakin iyaka ya gane cewa kuɗin da ya tanada sun ƙare alhali kuwa babban biya yana gaba. Mota ta zo, mai mota ba shi da halin fitar da ita, kuɗin ajiya kuma suna hawa kowace safiya. Mai karatu, wannan ita ce matsalar da muke son mu warware a yau: yadda mutum zai san abin da mota za ta ci tun daga hannun mai sayarwa har ƙofar gidansa, kafin ya fitar da ko dala.

Hanyar da ta raya Gaya

Nijar ba ta da teku, saboda haka duk motar da ta fito daga Turai, ko Amurka, ko Asiya, tilas ta sauka a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa. Shekara da shekaru Kwatano ce tashar da ta fi kusa da mu. Daga can zuwa Malanbil, a bi ta Paraku, ya haura kilomita 700. Daga Gaya zuwa Yamai, a bi ta Dosso, kimanin kilomita 300 ne. Wato tafiyar duka ta ɗan zarce kilomita 1,000. Gaya kuma ba da Benin kaɗai ta yi iyaka ba, Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya tana nan kusa, shi ya sa garin ya zama mahaɗar ƴan kasuwar ƙasashe uku.

Cinikin tsofaffin motoci ya bunƙasa ne daga shekarun 1990. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin ma'aikaci, jama'a suka koma ga motocin da Turawa suka gama hawa. Akan tara su a Burusel, a yi musu lodi a tashar Anbers ta ƙasar Beljik, su sauka Kwatano, daga baya a jera su a manyan filayen sayarwa na Sekanji da Ekpe, a kan hanyar Porto Nobo. Da yawa cikinsu a takarda Nijar suka nufa, amma a gaskiya Najeriya ce kasuwarsu: su shigo ta Gaya, a biya harajin sake fitarwa, su fice ta Birnin Konni zuwa Illela ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Wannan ciniki ya sami babban cikas tun ranar 1 ga Janairu 2017, lokacin da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokinta na ƙasa, sannan ta rufe iyakokin daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Al'amarin kuma ba namu kaɗai ba ne: wani rahoto da hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Kuɗin teku

Farashin da aka gaya maka a Turai kuɗin mota ne a inda take tsaye. Abu na farko da ya kamata ka yi shi ne ka juya shi zuwa sefa. Tun 1999 yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, ba ya motsi. Don haka motar yuro 3,000 ta tashi kusan miliyan 1 da jika 968. Wanda kuwa ya saya a Amurka ko Dubai, da dalar Amurka ake yi masa lissafi, ita kuma tana hawa tana sauka, sai ya bar wa canjin wuri a cikin kasafinsa. A kan wannan akwai ladan banki na aika kuɗi, da kuɗin kai motar daga wurin mai sayarwa zuwa tashar jirgi.

Hanyoyin ɗauko mota ta teku biyu ne. Akwai manyan jiragen da aka ƙera don motoci kaɗai, inda ake tuƙa mota ta shiga da ƙafafunta ta kuma fita da ƙafafunta. Wannan ya fi araha, kuma girman mota ne ke yanke kuɗinsa, ƙaramar mota da kat-kat da bas kowace da nata farashi. Motar da ba ta tashi, sai an ja ta, ana ƙara mata kuɗi. Akwai kuma kwantena, wadda ta fi tsada amma ta fi tsaro, kuma tana iya ɗaukar mota fiye da ɗaya, har ƴan kasuwa biyu ko uku su haɗu su raba kuɗin. Sai dai kwantena ta kamfanin jirgi ce: in ta wuce kwanakin da aka ba ka ba ka mayar da ita ba, tara ce ke hawa kanka kullum.

Kada a raina asiransin teku. Motar da aka kwashe wa fitilu, ko madubai, ko batir a hanya, in ba ta da asirans, asarar ta mai ita ce. Haka kuma takardar jirgi, wadda ƴan taranzit ke kira konesma: sunan da ke kanta shi ne mai mota a idon doka. Ka tabbata sunanka ne, lambar shasi ta dace da ta jikin motar harafi da harafi, kuma an rubuta cewa kayan na wucewa ne zuwa Nijar. Gyaran kuskure ɗaya bayan jirgi ya iso yana cin kuɗi da kwanaki.

Kuɗin tasha da na hanya

Saukar mota daga jirgi mafarin wani sabon lissafi ne. Kamfanin jirgi yana da kuɗin da yake karɓa kafin ya saki kaya. Masu sauke kaya suna da nasu. Hukumar tasha tana da nata. Filin da aka ajiye motar yana da nasa. Akwai takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar da ke kula da masu amfani da sufuri a Nijar, akwai kuma kuɗin lamuni da ake biya don duwan ta ƙasar da aka ratsa ta yarda mota ta wuce ba tare da an biya mata harajin shigowa ba. Tushen wannan tsari shi ne yarjejeniyar ratsa ƙasa da ƙasa da aka sa wa hannu a Kwatano a 1982. A kan duka waɗannan sai ladan ɗan taranzit, wanda ke bin takardu daga biro zuwa biro.

A nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami. Tasha tana ba da ƴan kwanaki kyauta, bayan su kuɗin ajiya na lissafuwa kowace rana. Wanda ya bari sai jirgi ya iso sannan ya fara neman rance, kowane dare da ya kwana yana nema ƙari ne a kan bashinsa. Ka nemi ɗan taranzit mai lasisi, ya rubuta maka lissafinsa dalla-dalla, abin da ke na hukuma daban, ladansa daban, kuma ya kawo rasit na kowane biya. Wanda ya ce maka «ba ni kaza kawai, zan kai maka ita Gaya», bai faɗi abin da ke cikin kazan ba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Daga tasha zuwa iyaka, ko dai a ɗauki direba ya tuƙo motar, ko a ɗora ta a kan babbar motar dakon motoci. Tuƙowa ya fi sauƙin kuɗi, amma sai an lissafa isansi ko gazuwal na duk tafiyar, da ladan direba da abincinsa da kuɗin motar komawarsa, da lambar wucin gadi, da asirans na hanya, da kuɗin peyaji. Motar da ta yi watanni a tsaye kuma ba a sa ta doguwar tafiya sai an canza mai, an duba taya da birki da batir. Ba a rasa abin da ake bayarwa a shingayen hanya ba tare da rasit ba. Kowa ya san da shi, kuma takardu cikakku ne ke rage shi.

Lissafin duwan

Babban biya yana hannun duwan ta Nijar, kuma shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Duwan ba ta tsayawa ga farashin da ke kan takardar mai sayarwa. Tana duba samfurin mota, da shekarar da aka ƙera ta, da ƙarfin injinta, ta kimanta darajarta, sannan ta haɗa da kuɗin jirgi da na asirans. A kan wannan jimla ake ɗora haraji. Wanda ya sami mota da araha a hannun ɗan'uwansa, ko ma kyauta aka ba shi, zai biya daidai da wanda ya saya da tsada.

Ga misali don a gane tsarin. A ce duwan ta kimanta ƙaramar motar shiga a kan miliyan 3. Harajin shigowa na irin waɗannan motoci kashi 20 cikin 100 ne, wato jika 600. Harajin ƙididdiga kashi 1, jika 30. Kason ƙungiyar UEMOA, wanda aka rage zuwa kashi 0.8 a 2017, jika 24. Akwai rabin kashi ɗaya, jika 15, irin wanda a da ake karɓa don CEDEAO, wanda kuma ƙasashen AES suka ƙaƙaba nasu a 2025. Daga nan sai TVA, kashi 19, kuma ba a kan miliyan 3 kaɗai ake lissafa ta ba, har da harajin da aka riga aka ɗora. Ta tashi wajen jika 690. Jimla kusan miliyan 1 da jika 360, wato wajen kashi 45 cikin 100 na darajar motar, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe da ladan ɗan taranzit na wannan gefe. Manyan motocin kaya suna da nasu ma'auni daban. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa waɗannan alƙaluma, saboda haka a nemi lissafin ranar a biron duwan tun mota ba ta bar Turai ba.

Bayan duwan ma da sauran aiki: binciken lafiyar mota, kart giriz, lambar Nijar, binyet, da asirans na shekara wanda doka ta wajabta. Sai kuma gareji, domin motar da aka ƙera don sanyin Turai tana bukatar a duba mata na'urar sanyaya inji da matatar iska kafin ta fuskanci zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu.

Bayan rufe gada

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. A watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefe, Nijar kuwa ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro. Mutane da ƙananan kaya suka koma tsallake kogi cikin kwale-kwale, direbobi da ƴan dako da masu abinci na Gaya suka ji a jikinsu. A 2024 da 2025 yawancin kayan Nijar ta tashar Lome suka biyo, su ratsa Togo da Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, jiran ayari kan ɗauki makonni, kuɗin dako kuma ya hau. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, amma Nijar tana nan cikin UEMOA.

Darasin da ke cikin wannan ga mai sayen mota a fili yake. Tashar da za a sauke mota ana rubuta ta ne tun ranar lodi, kuma canza ta daga baya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kafin ka biya kuɗin jirgi, ka tambayi duwan da CNUT wace hanya ce a buɗe ga motoci a wannan mako, kada ka dogara da labarin tasha.

Yadda za a tsara kasafi

Ka ɗauki takarda ka raba ta gida shida: kuɗin mota, kuɗin teku da asirans, kuɗin tasha da taranzit, kuɗin hanya, kuɗin duwan, kuɗin takardu da gyara. Kowane gida ka cika shi da lissafin da aka rubuta maka, ba wanda aka faɗa da baki ba. A ƙarƙashinsu ka ƙara gida na bakwai, ka ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin goma na jimlar don jinkiri da abin da ba a zata ba. In jimlar ta fi abin da ke hannunka, ka rage girman mota ko ka dakata. Kada ka taɓa kuɗin duwan da niyyar za ka cike su kafin jirgi ya iso.

Ma'aikaci ya tuna cewa banki zai fara cire kasonsa daga albashi ko mota ta iso ko ba ta iso ba. Ɗan kasuwa ya lissafa watannin da jarinsa zai kwanta ba ya juyawa. Kuma kowa ya kwatanta jimlarsa da farashin irin wannan mota a filayen sayarwa na Yamai ko Maraɗi, inda an riga an biya mata duwan, ana iya kunna ta, a kira makaniki ya duba ta. Sau da yawa bambancin bai kai wahalar ba, wani lokaci kuwa ya kai. Takardar lissafi ce kaɗai za ta faɗa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allah ya sa mu dace, ya kuma maido wa mutanen Gaya da kasuwarsu.