Zanen kwamfuta: Inda kuɗin yake ga matasan Nguru da Gashuwa

A watan Maris na 2021, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani zanen kwamfuta na Ba'amurken nan Beeple a kan dala miliyan 69. A Oktoban shekarar kuma ya yi gwanjon ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya daga Aba, wanda ke zana hotunansa da manhajar Microsoft Word. Labarin ya zaga wayoyin matasa, ya bar su da zaton cewa arziki na jira a kasuwar NFT, inda ake sayar da shaidar mallakar hoto da kuɗin kirifto.

Zaton bai daɗe ba. Tun Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu hada-hadar kirifto, bai ɗage takunkumin ba sai Disamban 2023. Kafin nan kasuwar NFT ta riga ta faɗi warwas a 2022. Ga matashin da ke Nguru ko Gashuwa a arewacin Yobe, wannan ƙofa ta rufe tun bai ƙwanƙwasa ba.

Kasuwar gida

Abin da ke kawo masa na cefane yana ƙofar gidansa. Nguru tsohon garin ciniki ne, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe, kuma har yau cibiya ce ta hatsi, kifi da dabbobi. Gashuwa ita ce fadar Masarautar Bade, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Duk inda ciniki da makaranta suka haɗu, ba a rasa mai neman tambarin shago, katin ɗaurin aure, sanarwar saukar karatu, hoton taya murnar naɗin sarauta ko fastar ɗan takara.

Jarin sana'ar bai taka kara ya karya ba: wayar hannu, manhaja irin Canva ko PixelLab, sai CorelDraw ga mai kwamfuta. Ana yin ciniki a WhatsApp, a biya ta OPay ko Moniepoint, a tura aikin wurin mai ɗab'i. Wahalar tana wajen wuta da kuɗin data, da kuma mai saye da ke ganin abin da ba a taɓawa da hannu bai cancanci kuɗi ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta karya farashi

Yanzu kowa na iya rubuta jimla ɗaya, manhaja ta zana masa hoto cikin daƙiƙoƙi. Manyan kasuwannin hotuna sun rabu a kan lamarin: Getty Images ya daina karɓar irin waɗannan hotuna a Satumban 2022, shi kuwa Adobe Stock ya amince da su a Disamban shekarar, bisa sharaɗin a bayyana asalinsu. A Agustan 2023 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke cewa aikin da babu hannun ɗan Adam a cikinsa ba shi da kariyar haƙƙin mallaka. Ma'ana, wanda ya dogara kacokan ga na'ura yana sayar da hajar da kowa zai iya kwafa.

Sai dai na'urar tana da gurbi. An horar da ita da hotunan da ke intanet, kuma na arewacin Yobe kaɗan ne a ciki. Sau da yawa takan naɗa wa basarake rawanin da ba na ƙasar nan ba, ta kuma hargitsa rubutun Hausa, musamman haruffa masu lanƙwasa. Ɗan yankin kuwa ya san yadda kwalekwale ke ratsa ciyawar kacalla a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, wanda wani ɓangarensa ya shiga jerin Ramsar a 2000. Ya ga masunta a bikin kamun kifi na Gogaram, ya ga tsuntsayen Turai suna sauka a Dagona. Wannan sani shi ne hajar da ba a samu a ko'ina, kuma ita ce ƙungiyoyi, masu buga littattafan yara da kamfanonin talla ke buƙata.

Rabon Abuja

Shirye-shirye dai akwai su. An ƙaddamar da iDICE a Maris na 2023 domin tallafa wa harkokin fasaha da ƙirƙira, aka sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka a watan, sannan Ma'aikatar Sadarwa ta fito da 3MTT don horar da mutum miliyan uku. Ma'aunin nasararsu shi ne ko sun wuce Damaturu sun isa gaɓar Kogin Yobe, da wurin koyo mai wuta da intanet, da sahihiyar hanyar karɓar kuɗi daga ƙetare.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Hadiman 'yan siyasa da jami'an hulɗa da jama'a na cikin manyan masu sayen wannan aiki, kuma buƙatarsu kan ninka duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Idan suka yi ciniki kafin aiki, suka biya a kan lokaci, suka bar sunan mai zane a gefen fasta, sun yi wa sana'ar abin da taron bita goma ba zai yi ba.