Yadda asibiti ke cika duk ƙa'idoji a takarda amma majinyata na mutuwa

A watan Fabrairun 2008, hukumomin lafiya a Birtaniya suka ɗaga darajar hukumar da ke kula da asibitin garin Stafford, suka ba ta 'yancin sarrafa kuɗinta da kanta. A wancan lokacin, asibitin da ake ganin ya tsaya da ƙafafunsa ne kawai ke samun wannan matsayi.

Shekara ɗaya bayan haka, a watan Maris ɗin 2009, rahoton masu sa ido ya fito da abin da ke faruwa a cikin ɗakunan kwanciya.

Ana barin majinyata cikin zanen gadon da suka ɓata, ana ajiye abinci da ruwa inda hannunsu ba ya kaiwa. A sashen ba da agajin gaggawa kuwa, ma'aikatan da ke zaune a teburin karɓar baƙi, waɗanda ba su da horon aikin lafiya, su ne ke tantance wanda likita zai fara gani.

Wata mata mai suna Julie Bailey, wadda mahaifiyarta ta rasu a asibitin a 2007, ita ce ta haɗa kan iyalan mamata suka yi ta matsa lamba har gwamnati ta kafa kwamitin bincike.

Lauya Robert Francis ya jagoranci binciken, ya kuma miƙa rahotonsa a watan Fabrairun 2013 ɗauke da shawarwari 290. Ya gano cewa shugabannin asibitin sun mayar da hankali kan rage kashe kuɗi da cimma alƙaluman da gwamnati ta gindaya, har suka rage ma'aikata, suka yi kunnen uwar shegu da koken majinyata da na ma'aikatansu.

Ɗaya daga cikin alƙaluman shi ne kada majinyaci ya wuce awa huɗu a sashen gaggawa. Don kada agogo ya kama su, sai a riƙa kwashe mutane zuwa wani ɗaki, ko an duba su yadda ya kamata ko ba a duba ba.

Tambayoyi biyu da ba ɗaya ba ne

Masana harkar gudanar da asibitoci suna raba aikin gida biyu.

Na farko shi ne bin ƙa'ida: akwai lasisi? Ma'aikata suna da takardun shaida? An rubuta abin da doka ta ce a rubuta? Mai bincike yana zuwa daga waje, ya duba, ya sa hannu.

Na biyu shi ne inganta aiki: majinyata nawa ne suka kamu da cuta bayan tiyata a wannan watan, me ya jawo, kuma me za a sauya don adadin ya ragu a wata mai zuwa? Wannan tambayar ma'aikatan ɗakin ne ke yi wa kansu, kuma ba ta da ranar ƙarewa.

Babu mai cewa a yi watsi da ƙa'ida, domin ita ce ke hana likitan bogi buɗe asibiti. Matsalar tana tasowa ne idan sa hannun mai bincike ya zama shi ne burin.

Abin da aka yi a Michigan

A 2003, wani likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Peter Pronovost, ya fara aiki da asibitocin jihar Michigan kan wata matsala da aka daɗe ana ɗauka ƙaddara ce: ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ta bututun da ake sakawa a babbar jijiyar majinyaci mai tsananin rashin lafiya.

Matakai biyar ne kawai. Likita ya wanke hannu, ya rufe kansa da majinyacin da kayan da ba su da ƙwayar cuta, ya goge fatar da maganin chlorhexidine, ya guji saka bututun a matsematsi, sannan a cire shi da zarar ba a buƙatarsa.

Kowane likita ya san waɗannan tun yana makaranta. Abin da ya sauya shi ne yadda ake aikin. An tara duk kayan a kan amalanke ɗaya don kada a yi ta neman safar hannu. An bai wa ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki, shugabannin asibiti kuma suka tsaya musu. Kowane ɗaki yana ganin adadin waɗanda suka kamu da cutar a wurinsa, yana kuma kwatantawa da na sauran.

Sakamakon da aka wallafa a 2006 daga ɗakuna 103 ya nuna cewa matsakaicin adadin kamuwa da cutar ya sauko daga 7.7 zuwa 1.4 a duk kwana dubu da bututu ya yi a jikin majinyata, cikin wata 18.

Takarda ɗaya, sakamako biyu

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da takardar abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin tiyata: sunan majinyaci, ɓangaren jikin da za a yi wa aiki, ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, ko an ƙirga audugar da aka yi amfani da ita kafin a ɗinke.

An gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya da na New Delhi a Indiya. Mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8.

Ganin haka, lardin Ontario na Kanada ya wajabta wa asibitocinsa bayar da rahoton amfani da takardar daga 2010. Asibitocin suka riƙa kai rahoton cewa kusan duk tiyata ana cike ta.

Amma da masu bincike suka duba asibitoci 101, suka wallafa sakamakon a 2014, mace-macen sun sauko ne daga kashi 0.71 zuwa 0.65 cikin 100, bambancin da suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba.

Likita Atul Gawande, wanda ya jagoranci aikin WHO, yana cikin waɗanda suka yi nuni da cewa umarni daga sama ba ya wadatarwa idan ba a horar da ma'aikata ba. Amfanin takardar yana cikin tsayawar da kowa zai yi a ɗakin, a yi magana da baki, har ƙaramin ma'aikaci ya iya cewa akwai kuskure. Idan mutum ɗaya ya zauna a gefe ya cike akwatunan bayan an gama, an bi doka, majinyaci kuma bai ƙaru da komai ba.

Horon ma yana da iyaka. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gwada irin wannan takarda ta karɓar haihuwa a cibiyoyi 60, tare da masu koyarwa da ke ziyartar ma'aikata. Sakamakon 2017 ya nuna ma'aikatan sun ƙara bin matakan, amma mutuwar mata da jarirai ba ta ragu ba. Takarda ba ta maye gurbin ƙwarewa, ko jini, ko motar da za ta kai mace babban asibiti.

Tsoro ne babban cikas

Bayan rahoton Francis, gwamnatin Birtaniya ta gayyaci likitan yara Don Berwick daga Amurka ya ba ta shawara. Rahotonsa na watan Agustan 2013 ya buƙaci a daina ɗora wa ma'aikata laifi a kan kuskuren da tsarin aiki ya haifar, a kuma yi hattara da alƙaluman da ake gindayawa.

Dalilin a bayyane yake. Ma'aikaciyar jinyar da ta san za a hukunta ta idan ta faɗi cewa ta kusa ba da maganin da ba daidai ba, shiru za ta yi. Kwalabe biyu masu kama da juna da suka ruɗe ta za su ci gaba da zama a kan kanta ɗaya, suna jiran wadda za ta karɓi aikin dare.

Shi ya sa masu nazarin harkar ke cewa takardar shaidar da aka rataye a bango ba ta isa a auna asibiti ba. Abin tambaya shi ne ko shugaban asibitin ya san majinyata nawa ne suka cutu a hannunsu a watan jiya, da abin da aka sauya saboda su.